Shekarar Jan Kwalli

Na san abin da ake gaya muku. Ana cewa ni Rabi ce na kashe sana'ar gidanmu, na kware rufin ɗakin mahaifiyata da rana tsaka, na sa yayata ta yi kusan shekara ba ta amsa gaisuwata ba. Duka ukun gaskiya ne, ban musa ko ɗaya ba. Abin da masu ba da labarin suke tsallakewa shi ne dalili, domin dalili ba ya da daɗin faɗa a gidan biki. To ku 'ya'yana da jikokina, tun da Allah ya ara mini kwana har haƙorana suka fara sallama da ni ɗaya bayan ɗaya, ku ji shi daga bakin mai shi, in ya so ku yi mini hukunci.

Gidanmu a Gaya ta bakin kogi gidan kwalli ne tun kakarmu. Da Inna ta rasu sai ta bar mu mu biyu a kan sana'ar, ni da Yaya Dije, wadda ta goya ni ina jaririya kuma ba ta taɓa barina na manta da haka ba. Ita ce hannu, ni ce baki. Ita ke gasa dutsen a kasko kan garwashi har ya saki jiki, ta niƙa, ta tace da farin ƙyalle sau uku, ni kuwa in ɗauki tire in tafi kasuwa in cika wa mata kunne. Aikin duka a ɗakin Inna ake yinsa, wani ɗan ɗakin ƙasa marar taga a ƙuryar gida, kuma dokarsa guda ce: ƙofa a rufe, kowace kafa a toshe da tsumma. Inna takan ce ƙwayar yashi ɗaya a cikin kwalli wuƙa ce a idon amarya. Da wannan doka muka yi suna. Matan Tunuga da na Yelu sukan aiko a saya musu, har 'yan Malanbil sukan tsallako gada su ce a nuna musu mai tiren gidan Dije. Sunan Yaya ake kira, ba nawa ba, kuma a lokacin abin yakan ɗan sosa mini rai, ba zan ɓoye muku ba.

A shekarar da nake ba ku labari, wani ɗan kasuwa ya sauke mana buhun wani dutse daga kamyo, babbar motar kaya, ya ce daga ƙasa mai nisa ya fito. Baƙi ne mai sheƙi kamar namu na gado, amma ya fi shi laushi nesa ba kusa ba, kuma in ka goga shi a dutsen niƙa sai ya bar zane ja. Yaya ta juya shi a hannu ta ce Inna ba ta san wannan ba. Ni ce na matsa. Ni ce na ce duniya ta ci gaba, kafaɗunta sun gaji da dutse mai tauri, mu gwada. Ku riƙe wannan, domin masu zagina ma ba su san shi ba: da bakina dutsen nan ya shiga gidanmu. Da aka niƙa shi sai ya fito da wani ja-ja a cikin baƙinsa, in mace ta zizara sai ka ce ba ta taɓa kuka ba a rayuwarta. 'Yan mata suka sa masa suna jan kwalli. Kafin azahar tirena yakan zama wayam, Yaya kuwa ta koma gashi kullum maimakon sau biyu a mako.

Bayan damina ta ɗauke sai Yaya ta fara sauyawa. Da farko hannunta ne, in ta miƙa shi sai yatsun su riƙa kaɗawa. Sai yawu ya riƙa cika mata baki, dasashinta ya kumbura yana jini, ta ce komai ta ci ɗanɗanon ƙarfe take ji. Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne halinta. Matar da takan tare baƙo tun daga zaure ta koma in ta ji sallama sai ta shige ɗaki ta ja labule, in ka tambaye ta gishiri kuwa ta wanke ka tas, sannan ta fashe da kuka. Dangi suka taru suka yanke cewa sammu ne, wata mai baƙin cikin kasuwarmu ce ta yi mata. Ni ma na yarda, har na zaɓi wadda nake zargi na daina gaishe ta, Allah ya yafe mini. Aka kawo rubutu, aka kawo hayaƙi. Sannan muka yi abin da har yau nake nadamarsa: muka shimfiɗa mata tabarma a ɗakin Inna, muka ce ɗaki ne mai albarka, ga ɗumin wuta, ta kwanta a nan ta riƙa nuna mini aiki. Na karɓi gashin, ina durƙushe kan kasko ina hura wuta, tana kwance a gefena, ƙofa a rufe ruf.

"Ruhe ƙohwag ga da kyau, Rabi," haka take ce mini kullum. "Ke dai ba ki iya komi ba sai surutu."

Ina da wata sarƙar zinariya da mahaifinku ya sa aka ƙera mini, ba na cire ta ko wanka zan yi. Mako uku da fara gashina, na duba madubi sai na ga ƙasan sarƙar, daidai inda take lilo a kan kasko in na sunkuya, ya koma fari fat kamar cokalin shayi. Ban yi tunanin komai ba sai cuta. Na yafa mayafi na nufi rumfar Sanda maƙeri, wanda ya ƙera ta, na same shi cikin mutane, na jefa masa ita a cinya.

"Sanda, ka ji tsoron Allah! Zinariya kac ce, ga ta ta koma gwangwani!"

Ya ɗaga sarƙar ya kalle ta a rana, ya murza ta da yatsa, sannan ya kalle ni.

"Hajiya, wa kike da shi wurin haƙar zinariya?"

"Ba ni da kowa. Kak ka canza min magana."

"To wagga zaiba ta. Zinariyarki lahiya lau take, zaiba ta hau ta. Ina kinka same ta?"

Ya kama sarƙar da awartaki, ya fita waje bayan rumfa, ya sa kowa ya koma ta inda iska ke tasowa, ya kara ta a wuta yana kau da fuska. Ina kallo farin ya gudu, zinariyata ta dawo. Kunya ta kama ni, amma bai bar ni na ba shi haƙuri ba. Ya ce masu haƙar zinariya da zaiba suke kama ta, su ƙona, kuma ya ga waɗanda suka daɗe suna yi. Ya miƙa hannunsa ya kwaikwayi yadda nasu yake kaɗawa. Na zauna a kan turmin da ke wurin, domin hannun Yaya ne na gani a jikin Sanda.

Daga nan ban koma gida ba. Akwai wani maƙwabcinmu, Mushe Bube kamar yadda muke kiran malaman boko, mai koyar da ilimin sinadarai a lise, wato sakandare, wanda muka mayar abin dariya a unguwa saboda ko ruwan randa sai ya tafasa. Na kai masa gutsuren dutsen a bakin zanena. Ya fito da ni filin lakwal, makarantar tasu, ya farfasa ɗan kaɗan, ya gauraya da farar ƙasa, ya zuba a wata siririyar kwalba ya ɗora ƙasanta a kan wuta. Ba a jima ba sai ga wasu ƙananan ɗigo masu ƙyalli sun taru a saman kwalbar inda ba zafi. Ya ce mini abu uku ne a haɗe cikin dutsen nan. Akwai ƙarfen kwalli da suke kira antimwan, akwai farar wuta, akwai zaiba. Muddin dutsen yana da sanyi, farar wuta tana riƙe da zaibar. Da ya ji wuta sai farar wutar ta ƙone, shi ne warin ashanar nan da muke ji, zaiba kuma ta tashi sama, ba launi ba wari, mutum ya shaƙe ta ta wuce ƙwaƙwalwa da ƙoda ta zauna. Ya ce antimwan ɗin ma ba ɗan goyo ba ne, farin hayaƙinsa yana cin ƙirji. Sai ya tambaye ni a wane irin wuri muke gashi. Da na gaya masa dokar Inna sai ya cire tabarau ya riƙe kansa.

"Hajiya, kun gina tarko kun shiga kun ja ƙohwa. Bangon ɗakin ga ma ya sha ta, ko ba wuta shina hito da ita in rana ta yi zahi. Ku hidda ta yau, ku kai ta likita."

"Mushe, to kwallinmu na da? Na Inna?"

"Shi ba ya da zaiba, amma mahi yawansa dalma na. Babba ya sa shi ma ba alheri ba ne, balle jinjiri."

Wannan ta biyun ta fi yi mini ciwo, domin da hannuna na sa wa kowannenku kwalli ranar da aka haife shi. Na fito daga lakwal ɗin ina kuka a titi kamar wadda aka yi wa rasuwa, har wani mai kabu-kabu ya tsaya yana ba ni haƙuri bai san dalili ba.

Na sami Yaya inda na bar ta. Na durƙusa na faɗa mata komai, tun daga Sanda har kwalbar Mushe. Ta saurare ni, kanta yana ɗan rawa, sannan ta ce:

"Maƙeri da mai tahwasa ruwa su za su koya min kwalli? Shekara nawa Inna ta yi cikin ɗakin ga? Mi ya same ta?"

"Yaya, Inna ba ta gasa wanga dutse ba."

"Ke kinka kawo shi. Yanzu kin ga an san sunana, kina so ki ce guba nike saidawa. Hita min!"

Kwana biyu ina lallashi. Na turo kawunmu, na turo limamin unguwa, ta ƙi fita daga ɗakin, ta ce a nan Inna ta cika, ita ma a nan za ta cika in an ga dama. A rana ta uku na dawo daga rijiya na ji warin ashana. Ta rarrafa ta hura wuta da kanta, ta sa dutse a kasko, ta danne ƙofa da dutsen niƙa daga ciki. Na buga, na roƙa, na ji tana tari tana cewa amaren mutane suna jira. A nan ne wani abu ya tsinke mini. Na fita na kira magina biyu da ke aiki a bayan gidanmu, na ce su ɗaure hanci da rawani su hau su cire mini kwanon ɗakin nan. Suka ce Hajiya da mutum a ciki? Na ce saboda mutumin nake so a cire. Da kwanon farko ya tashi, hayaƙi ya yi sama, rana ta faɗa cikin ɗakin da bai taɓa ganinta ba tun da aka gina shi. Unguwa ta cika gidan. Aka ɓalle ƙofa, na shiga na sungumi Yaya, ba ta fi nauyin yarinya ba, tana dukan bayana da hannun da ko dukan bai iya ba.

"Kin tona min asiri, Rabi. Kin tona ma Inna asiri. Ban yahe ba."

Daga wannan ba ta sake ce mini uffan ba. Aka kai ta likita, asibitinmu na nan, suka tura ta Doso, ɗiyarta ta bi ta. Lokotoron da ya duba ta can ya ce da an ƙara wata guda ko biyu da sai dai wani labarin, kuma bai yi mana alkawarin hannun zai dawo ba. Ni ma aka duba ni aka ce in yi nesa da wurin.

Saura garin. Jan kwalli yana cikin tandun mata ko'ina, kuma na ji wasu masu niƙa a Tunuga sun sayi irin dutsen. Ranar kasuwa na ɗauki tirena na kife shi a ka, na shiga layin mata ina shela cewa duk mai jan kwallin gidanmu ta dawo da shi, guba ne, ni na sayar mata kuma ni nake gaya mata. Wasu suka yi dariya, wasu suka ce ciwon Dije ya kama ƙanwar. Hajiya Zara, shugabar mata 'yan kasuwa, mace mai jiki da murya, ta tare ni a tsakiyar layi.

"Rabi, in kun yi hwaɗa da yayarki ku gama can gida. Kak ki ɓata ma mutane abinci."

"Hajiya, ara min ɗan kunnenki na zinariya guda."

"Ki yi mi da shi?"

"In bai canza ba, ki sa a kore ni kasuwag ga har abada."

Gani ya kori ji. Ta cire ta ba ni, tana cewa kowa ya zama shaida. Dama na zo da Sanda. Muka fita bayan kasuwa wajen fili, ya tsayar da mata ta inda iska ke tasowa, ya sa ɗan gutsure kamar ƙwayar gero uku a cokalin ƙarfe kan garwashi, ya riƙe ɗan kunnen da awartaki a samansa. Da ya ɗago shi ya goge a riga sai ga gefen ya yi fari. Hajiya Zara ta karɓa, ta kai shi kusa da ido, ta yi salati da ƙarfi.

"Abin da ya yi ma zinariya haka, mi zai yi ma hanjin mutum? Ni da na sa ma jikata shi shekaranjiya!"

Ta kwance bakin zanenta ta ciro tandunta ta jefa a tirena, ta juya ta fuskanci matan, kuma daga nan ban sake buɗe baki ba, ita ta karɓi shelar. Kafin la'asar tiren ya cika ya zube, aka kawo kwando. Masu kwale-kwale suka kai maganar Tunuga, direbobi suka kai ta Yelu, ta tsallaka gada da ƙafarta. Cikin mako guda masu niƙa uku suka zo gidanmu da buhunansu, ɗaya cikinsu dasashinta ya riga ya fara jini. Na so in zuba duka a kogi, Mushe Bube ya ce in na yi haka za mu ci shi a cikin kifi, don haka aka zuba a durom na ƙarfe aka toshe da siminti, ma'aikatan lafiya suka tafi da shi tare da ƙasar bangon ɗakin. Ɗan kasuwar nan ya sake zuwa da buhu biyu, bai sami mai taya masa ba, ya mayar da kayansa kamyo. Ranar na ji daɗi, daɗi irin na ƙeta ma, na tsaya a bakin titi na ga tashinsa.

Kwalli kam na bar shi, ja da baƙi duka, na koma lalle da turaren wuta. Sana'ar da ta ciyar da uwa da kaka ta tsaya a kaina, kuma na ji zafin haka fiye da yadda kuke zato. Amma zafin da ya fi shi ne na Yaya. Da aka sallame ta sai ta wuce gidan ɗiyarta a Tunuga. Na je sau huɗu, in na yi sallama sai ta juya fuska bango. Ina dai samun labari a bakin ɗiyar: yau yawun ya tsaya, yau ta ci tuwo da kanta, yau ta yi wa wani dariya. Nakan ce alhamdu lillahi, ta rayu ta ƙi ni ya fi mini ta mutu tana sona.

Ana saura kwana biyu babbar salla, da hantsi, ina zaune a tsakar gida ina tankaɗe lalle, sai na ji an yi sallama da muryar da na sani. Ta shigo da ƙafarta, ta yi ƙiba, ba mai riƙe da ita. Ta tsaya ta daɗe tana kallon inda ɗakin Inna yake a da, inda na shuka kuɓewa. Na miƙe. Ta juyo ta dube ni sama da ƙasa, ta sa hannu ta fizge ɗankwalina.

"Wa ya yi miki wanga kitso? Haka za ki shiga salla, kamar marar dangi? Kawo mashaci. Zamna."

Na ɗauko mata abin taje kan, na zauna a ƙasa tsakanin ƙafafunta. Ta tsefe kan, ta ja tsaga tun daga goshi har ƙeya, ina jin tsinin yana tafiya a miƙe bai kauce ba. Ta kama gashin ta fara kitsawa, tana ja kamar mai huce haushin shekara. Hannun hagun yana ɗan motsi in ta tsaya, har ta bar duniya bai daina ba, amma kitson ya zauna daram. Hawaye suka riƙa zubo mini a kan zane.

"Mi kike ma kuka, ƙatuwa da ke?"

"Zahi, Yaya. Kina ja."

"Ai da saura," in ji ta. "Sunkuya."